Kyamara a cikin ƙwaƙwalwa: Yadda ake zuƙe jinin da ya zuba a ka ta ramin da bai kai murfin kwalba ba

A watan Maris na 2018, wasu likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a birnin Sao Paulo na ƙasar Birazil, ƙarƙashin jagorancin Dakta Mauricio Mandel, suka wallafa rahoton aikin da suka yi wa marasa lafiya 42. Abin da ya ja hankalin duniya shi ne kayan aikin da suka yi amfani da shi. Wayar iPhone suka ɗaura a bayan wata siririyar na'urar leƙe mai suna endoskof, suka zura na'urar cikin ƙoƙon kan mutum, likita yana kallon abin da ke ciki a fuskar wayar yana aikinsa. Wayoyin ma ba wasu na a-zo-a-gani ba ne, samfurin iPhone 4 da 5 da 6 ne, irin waɗanda yau ko kyauta aka ba wani saurayin sai ya yamutsa fuska. Daga cikin ayyukan da suka yi da su har da kwashe jinin da ya taru a cikin kai.

Rahoton bai sa asibitocin duniya sun ajiye manyan allunansu sun koma waya ba. Amma ya nuna inda wannan fanni ya dosa: ƙaramin rami, kyamara, haske, da manhajar da ke nuna hanya. Da waɗannan ne likitoci suka sake ɗauko wata tambaya da ta gagare su fiye da shekara 60. Idan jijiya ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa jini ya taru, a shiga a kwashe shi ne, ko a bar shi?

Cokali biyu na jini

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, duk da cewa a ido kamarsu ɗaya. Akwai wadda gudan jini ke toshe jijiya, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jini. Akwai kuma wadda jijiyar ce ke fashewa, jini ya kwarara cikin naman ƙwaƙwalwa. Ta biyun ita ce mafi kisa: a cikin kowane mutum 10 da ta kama, kusan 4 ba sa kai wata guda a raye, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira sai an riƙa kula da su.

A Turai da Amurka, irin wannan zubar jini ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu shanyewar ɓarin jiki. A Afirka ta Yamma lissafin daban yake. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, ciki har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya duba marasa lafiya 2,118, aka wallafa sakamakonsa a 2018. Kashi 32 cikin 100 daga cikinsu zubar jini ce ta same su, wato kusan mutum ɗaya cikin uku. Kuma binciken ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na matsalar gaba ɗaya a kan hawan jini.

Dalilin bai da wuyar fahimta. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan jijiyoyi, sirara ƙwarai, waɗanda suka tsiro kai tsaye daga jikin manyan jijiyoyi. Kamar a jona ƙaramin tiyo ne a jikin babban bututun ruwan unguwa. Idan ƙarfin ruwan ya yi yawa shekara da shekaru, wata rana tiyon zai ɓalle.

Da zarar ya ɓalle, sai matsala ta biyu ta kunno kai. Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne na ƙashi, ba ya buɗewa, ba ya miƙewa. Duk jinin da ya zuba, gurbin ƙwaƙwalwa yake ci, yana matse ta. Shi ya sa abin da likita ke fara aunawa a hoto shi ne yawan jinin. Wani bincike da aka yi a birnin Cincinnati na Amurka a 1993 ya gano cewa idan jinin bai kai mililita 30 ba, wato cokalin cin abinci biyu, kuma mutum yana cikin hayyacinsa, kusan kashi 19 cikin 100 ne ke rasuwa a wata guda. Idan ya haura mililita 60 kuma mutum ya yi dogon suma, adadin ya kai kashi 91. Bambancin cokali biyu ke nan.

Ko bayan zubar ta tsaya, jinin da ya daskare ba ya zama lafiya. Yana ruɓewa a hankali, yana sakin sinadarin ƙarfe da wasu abubuwa masu guba ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wurin ya yi ta kumbura na kwanaki. Saboda haka hankali zai ce a cire shi kawai a huta.

Me ya sa tsohuwar tiyata ta kasa?

An gwada. A 1961, wani likitan tiyata a Landan mai suna Wylie McKissock ya raba marasa lafiya 180 gida biyu, aka yi wa rabi tiyata, aka bar rabi a kan kulawar gado. Waɗanda aka yi wa tiyatar ba su fi sauran samun sauƙi ba. Ana iya yi masa uzuri, domin a zamaninsa babu na'urar da ke nuna cikin ƙwaƙwalwa ƙarara. Sai a ranar 1 ga Oktoba 1971 aka fara ɗaukar hoton kan majiyyaci da na'urar siti sikan, wadda injiniya Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙera. Wani abin sha'awa, an ɗauki hoton ne a asibitin Atkinson Morley, inda shi McKissock ɗin ya yi aikinsa na tiyata.

Da hoto ya samu, an zaci magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A 2005 aka fitar da sakamakon gwajin STICH, wanda Farfesa David Mendelow na Newcastle a Ingila ya jagoranta, da marasa lafiya 1,033 daga ƙasashe 27. Kashi 26 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata da wuri suka farfaɗo da kyau, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 24. Tazarar ta yi ƙanƙantar da ba za a ce tiyatar ce ta kawo ta ba. Aka sake wani a 2013 da mutum 601, nan ma babu nasarar da za a buga ƙirji da ita.

Bayanin da likitoci da yawa suka karkata gare shi shi ne, hanyar shiga ce ke cinye ribar. A tsohuwar tiyata, ana yanke faifan ƙashi mai faɗi a ɗaga, sannan a ratsa lafiyayyar ƙwaƙwalwa, ana ja ana bankaɗawa da ƙarafa, kafin a isa inda jinin yake. Ita kuwa ƙwaƙwalwa laushinta ya yi kusa da na awara, kuma cikinta cike yake da zarurrukan da ke kai saƙo zuwa hannu da ƙafa da harshe. Duk mai gyaran waya ya san wannan matsala. Idan za ka canza ƙaramin abu a can ƙasan allon waya, ka tsinka siririyar igiyar sikirin a kan hanyarka, gyaran ya zama ɓarna. Bambancin shi ne igiyar waya ana sayo wata a kasuwa.

Tun 1989 wani likita a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, Ludwig Auer, ya nuna wata hanyar. Ya gwada kwashe jinin da endoskof ta ƙaramin rami, a gwajin da ya ƙunshi mutum 100. Bayan wata shida, kashi 42 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 70. Gwajin ƙarami ne, a asibiti guda, kuma kayan aikin lokacin ba su da ingancin da kowane likita zai iya maimaitawa. Sai abin ya kwanta, yana jiran fasaha ta cim masa.

Abin da ke cikin na'urar

Endoskof ɗin da ake shiga ƙwaƙwalwa da shi bututun ƙarfe ne miƙaƙƙe, bai kai kaurin biro ba. A cikin wannan ɗan kauri aka cusa abubuwa da dama: hanyar haske, hanyar hoto, hanyar da ruwa ke shiga, hanyar da yake fita, da kuma wani rami da ake zura kayan aiki ta ciki.

Hanyar hoton ta samo asali ne daga wani masanin kimiyyar haske ɗan Ingila, Harold Hopkins. A da, ana jera ƙananan gilasan lens ne a cikin bututu, da iska mai yawa a tsakaninsu, hoton ya fito dishi-dishi. Hopkins ya juya tsarin: dogayen sandunan gilashi, da 'yar iska kaɗan a tsakani. Haske ya ninku, hoto ya fito tangaran. Kamfanin Karl Storz na garin Tuttlingen a Jamus ya ɗauki ƙirar ya fara sayarwa a shekarun 1960, kuma har gobe ita ce ƙashin bayan miƙaƙƙun endoskof. A ƙarshen bututun ta waje ake ɗaura kyamara, ita ke aika hoto zuwa allo. A daidai wannan gurbi ne likitocin Sao Paulo suka sa iPhone.

Kyamarar kuwa 'yar uwar ta wayarka ce. Idon da ke ɗaukar haske a kusan kowace wayar zamani, wanda ake kira CMOS, ya bunƙasa ne daga aikin Eric Fossum da abokan aikinsa a wata cibiyar hukumar NASA a farkon shekarun 1990, lokacin da suke neman ƙaramar kyamara mara cin wuta da za a aika sararin samaniya. Kasuwar waya ce ta sa aka riƙa ƙera irinsa biliyoyi, farashinsa ya faɗi, girmansa ya ragu, asibiti kuma ya ci moriya. A 2019, kamfanin OmniVision, wanda ke ƙera idon kyamarar wayoyi, ya shiga kundin Guinness da wani ido mai faɗin milimita 0.575 kacal, an yi shi ne domin a liƙa a bakin na'urorin leƙen cikin jiki. Ɗigon hotonsa 40,000 ne, abin dariya idan aka kwatanta da megafiksel 50 da ake tallar waya da shi. Amma yana shiga inda wayar ba za ta taɓa shiga ba.

Wani ci gaban da ya yi tasiri sosai ba shi da ko waya ɗaya ta lantarki a jikinsa. A shekarar 2000, likita Tetsuhiro Nishihara da abokan aikinsa a Japan suka bayyana amfani da kube na roba mai garai-garai, wanda ake gani ta jikinsa, maimakon na ƙarfe. Kuben shi ne bututun da ake fara sokawa ya zama hanyar da endoskof zai bi. Da yake ana gani ta cikinsa, likita yana iya hango iyakar da ke tsakanin baƙin gudan jini da farar ƙwaƙwalwa ta kowane gefe, ya san inda yake.

Yadda aikin ke gudana

Kafin a taɓa majiyyaci, aikin yana farawa ne a kwamfuta. Ana ɗaukar hoton siti sikan, sannan galibi a ƙara wani bayan an yi allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, domin a tabbatar ba wata kumburarriyar jijiya ko cukurkuɗaɗɗun jijiyoyi ne suka jawo zubar ba. Idan su ne, tsarin aikin ya canza gaba ɗaya. Manhaja tana haɗa hotunan ta fitar da siffar kai da ta gudan jinin, yadda za a iya juya su ta kowace fuska. A nan likita ke zana hanyar shiga. Ba hanya mafi kusa ake nema ba. Gudan jinin da ke can ciki yakan yi tsawo kamar ƙwai, daga gaba zuwa baya, saboda haka sau da yawa ta goshi ake shiga, a bi tsawonsa, kuma a bi zarurrukan ƙwaƙwalwa a kwance maimakon a gitta su.

A ɗakin tiyata, bayan an sa majiyyaci barci, sai a kunna na'urar jagora. Wata kyamara ce mai ido biyu da ke aiki da hasken infrared, tana kallon wasu ƙananan ƙwallaye masu walƙiya da aka liƙa a jikin kayan aiki da kuma kusa da kan majiyyaci. Daga matsayin ƙwallayen take lissafa inda bakin kayan aikin yake, ta nuna shi a kan hoton da aka ɗauka tun farko, kamar yadda shuɗin ɗigo ke tafiya a kan Google Maps. Wasu na'urorin da maganaɗisu suke aiki maimakon haske.

Sai a tsaga fata kaɗan, a huda ƙashi rami guda wanda bai kai faɗin murfin kwalbar lemo ba, a zura kuben a hankali har ƙarshen gudan jinin.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka yi suna ita ce wadda likitocin asibitin Mount Sinai na birnin New York, Christopher Kellner da J Mocco, suka bayyana a 2018, suka raɗa mata suna SCUBA, kamar kayan masu nutso a teku. Kuben da suke amfani da shi faɗinsa kimanin milimita 6 ne. Aikin zango biyu ne. A zangon farko ana zuƙar jinin da ƙarfi, ana janye kuben baya kaɗan-kaɗan. Na'urar zuƙar, irin su Artemis ta kamfanin Penumbra, tana da ɗan ƙaramin ƙarfe mai juyawa a cikin bakinta, wanda ke farfasa daskararren jini don kada ya toshe bututu. Yayin da jinin ke fita, ramin da ya bari sai ya riƙa rufewa, ƙwaƙwalwa tana komawa mazauninta.

A zango na biyu sai a rage ƙarfin zuƙa, a saki ruwan gishiri irin na asibiti ya cika ramin, ya sake buɗe shi. Daga nan sunan ya samo asali, domin kyamara a cikin ruwa take aiki. Likita yana zagayawa yana duba bango-bango, yana tsince ragowar gudaje. Idan akwai jijiyar da ke zuba har yanzu, za a gan ta tana fitar da jan zare a cikin ruwan, kamar hayaƙi, sai a bi zaren har tushensa a ƙona bakin jijiyar da ɗan tsinken lantarki.

Akwai wani tarko a nan. Taswirar da na'urar jagora ke nunawa hoton da aka ɗauka ne kafin a fara. Da zarar an zuƙe jini ƙwaƙwalwa ta motsa, taswirar ta tsufa, kamar mai bin tsohuwar taswirar da ya sauke a waya bayan an sauya tituna. Shi ya sa daga wannan lokaci idon kyamara ne abin dogaro, kuma kafin a rufe ake sake dubawa da na'urar sikanin mai aiki da sauti, irin ta masu juna biyu, ko a sake ɗaukar siti sikan, a ga nawa ya rage.

Wannan tambaya ta nawa ya rage tana da tushe. A gwajin MISTIE III na 2019, wanda Daniel Hanley na jami'ar Johns Hopkins ya jagoranta da marasa lafiya 506, ba kyamara aka sa ba, siririn tiyo aka bari a cikin gudan ana ɗiga maganin narkar da jini na kwanaki. A dunƙule, gwajin bai nuna cewa mutane sun fi farfaɗowa ba. Amma da aka koma aka tsefe alƙaluman, sai aka ga waɗanda aka rage musu jinin zuwa mililita 15 ko ƙasa da haka sun fi samun sauƙi. Tun daga nan cokali guda ya zama mizanin da likitoci ke hari.

To, yana aiki?

Amsar da ta fi ƙarfi ta zo ne a watan Afrilu na 2024, lokacin da mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa gwajin ENRICH, wanda Gustavo Pradilla na jami'ar Emory ya jagoranta. Marasa lafiya 300 ne a asibitoci 37 na Amurka, masu jini tsakanin mililita 30 zuwa 80, kuma an fara yi musu aiki cikin awa 24. Kashi 9.3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suka rasu cikin kwana 30, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 18. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa aikin sun fi iya kula da kansu. Wannan ne karon farko da babban gwaji ya nuna haka a fili.

Sai dai akwai ƙananan rubutu a ƙasan tallar. Na farko, kayan aikin da aka yi amfani da su, BrainPath da Myriad na kamfanin NICO, ba endoskof ba ne kai tsaye. Bututu ne mai kaurin yatsa, milimita 13.5, wanda ake kallon cikinsa daga waje da na'ura mai ƙara girma. Na biyu, ribar ta fito ne daga masu jini a kusa da saman ƙwaƙwalwa. Masu jini a can ciki, an daina ɗaukarsu a tsakiyar gwajin saboda ba a ga alamar amfani ba. Kuma wannan na can ciki shi ne irin wanda hawan jini ya fi jawowa, wato irin wanda ya fi damun Afirka ta Yamma. Na uku, kamfanin da ke ƙera kayan ne ya ɗauki nauyin gwajin. Hakan bai soke sakamakon ba, amma duk wanda ya saba kallon bitar waya a YouTube ya san amfanin tambayar wa ya biya. Watanni kaɗan bayan fitar sakamakon, katafaren kamfanin Stryker ya saye NICO.

Shi kuwa gwajin endoskof ɗin kansa a Amurka, mai suna MIND, wanda aka yi da na'urar Artemis, an dakatar da shi da wuri yana da mutum 236, kuma sakamakon da ya fito a 2025 bai nuna bambanci ba bayan wata shida. Mafi yawan marasa lafiyarsa masu jinin can ciki ne, kuma an ba da damar yin aikin har zuwa awa 72. A ƙasar Sin kuma, gwajin MISICH da aka wallafa a 2024 da mutum 733 ya gano cewa kusan kashi 33 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki da endoskof sun farfaɗo da kyau, waɗanda aka buɗe musu ƙoƙon kai kuwa kashi 22. A lura, wannan ya kwatanta tiyata ne da tiyata.

Idan aka haɗa su, abin da za a iya faɗa ba tare da zuzutawa ba shi ne: in har za a shiga, ƙaramin rami ya fi buɗe kai. Ga mai jini a kusa da sama wanda ya isa asibiti da wuri, aikin yana ceton rai kuma yana rage nakasa. Ga mai jini a can ciki, har yanzu likitoci suna muhawara. Kuma babu tiyatar da ke dawo da sashen da jini ya riga ya yaga a mintunan farko. Abin da ake ƙoƙarin ceta shi ne abin da ke kewaye da shi. Masu bincike da yawa yanzu sun karkata ga cewa sirrin yana ga sauri, shi ya sa gwajin DIST na ƙasar Holan da EVACUATE na Ostireliya suka tsara yin aikin cikin awa 8.

Inda waya ta sake shigowa

Na'urar jagora tana da tsadar da asibitoci da yawa ba za su iya ba. Wasu likitoci a babban asibitin sojoji na birnin Beijing, ciki har da Chen Xiaolei, sun nuna wata dabara a rahoton da suka wallafa a 2017. Sun yi amfani da 3D Slicer, manhajar kyauta da kowa zai iya saukewa a kwamfuta, suka fitar da siffar gudan jinin daga hoton siti sikan. Sannan suka tura hoton zuwa wayar Android mai wata manhaja da ake kira Sina, wadda ke ɗora hoton a kan abin da kyamarar wayar ke gani. Likita yana daidaita kunne da hancin da ke hoton da na majiyyacin da ke kwance, sai ya ga inda jinin yake kamar kan ya zama gilashi, ya yi alama a fata. Fasahar da ke liƙa maka kunnuwan zomo a Snapchat ce, an ba ta aikin yi. Daidaitonta bai kai na na'urar jagora ba, amma gudan jini mai girman ƙwai ba ƙaramin abin hari ba ne.

A Amurka kuma, manhajar kamfanin Viz.ai tana karanta hoton siti sikan da ƙirƙirarriyar basira da zarar an ɗauka, ta aika faɗakarwa zuwa wayar likitan da ke bakin aiki. Hukumar FDA ta fara amincewa da ita a 2018 don gano toshewar manyan jijiyoyi, daga baya aka ƙara da zubar jini. Ba ita ke yanke hukunci ba, mintunan jira take ragewa.

Duk waɗannan sun dogara ne a kan abu guda: a samu hoton. Ko a asibitocin koyarwa irin na Sakkwato da Kano da Zariya, inda ake da sassan tiyatar ƙwaƙwalwa, babu likitan da zai iya tabbatar da toshewa ce ko fashewa ta hanyar kallon majiyyaci kawai. Ita kuma kulawar farko ba ta jiran endoskof. Gwajin INTERACT3 na 2023, da marasa lafiya sama da 7,000 a ƙasashe 10 ciki har da Najeriya, ya nuna cewa sauke hawan jini cikin awa guda da isowa, da daidaita sukari, da sauke zazzaɓi, da warware aikin magungunan tsinka jini, sun rage mutuwa da nakasa. Babu kyamara ko ɗaya a cikin wannan tsari.

Ga mai son na'urori kuma, akwai gargaɗi game da manhajojin da ke cewa ɗora yatsa a waya su auna maka hawan jini. A 2016, masu bincike a Johns Hopkins sun gwada wata mai suna Instant Blood Pressure, wadda aka sayar fiye da sau 100,000, suka gano cewa kusan mutum 4 cikin 5 masu hawan jini ta ce musu lafiyarsu lau. Ko agogon Galaxy Watch na Samsung da ke auna jini, sai an riƙa saita shi da na'urar ɗaurawa a damtse duk bayan mako huɗu. Ita wannan na'urar ta damtse, da ake samu a kantin magani, kuɗinta bai kai na matsakaiciyar waya ba.

Idan kuma abin ya faru a gida, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta harɗe, ko wani matsanancin ciwon kai ya sauko farat ɗaya da amai, asibiti mai siti sikan ake nufa kai tsaye. A kira a tabbatar na'urar tana aiki kafin a kama hanya. Kada a ba majiyyaci asfirin, domin idan zubar jini ce zai iya ƙara ta. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci ko wani jiƙo, domin maƙogwaronsa na iya kasa haɗiya ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauki hoton kwalayen duk magungunan da yake sha.

Tambayar farko da likita zai yi ita ce, ƙarfe nawa aka gan shi lafiya ƙalau na ƙarshe? A kan wannan lokaci ake lissafa awa 24 ko awa 8 ɗin da aka ambata. A cikin ruɗani mutane sukan manta, sai a ce da safe ne, ko bayan azahar. Wayar majiyyacin ba ta mantawa. Kiran ƙarshe da ya amsa, ko saƙon murya na ƙarshe da ya tura a WhatsApp muryarsa garau, yana ɗauke da awa da minti a jikinsa.